Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Masu Duba Lafiyar Rafi

Mai duba lafiyar rafi da sammako yake fita, kuma ba gudun rana kaɗai ke sa shi ba. Gansakuka da ciyawar da ke cikin ruwa suna sakin iskar oksijin muddin akwai hasken rana, in dare ya yi kuma su koma suna shaƙarta tare da kifi da ƙwari da ƙwayoyin da ke ruɓar da datti. Don haka rafin da aka auna da azahar aka ga iskarsa a cike, ana iya komawa da asuba a tarar ta kusa ƙarewa. Masu kiwon kifi sun san wannan sarai, da sassafe suke ganin kifinsu ya taso sama yana haki. Wanda ya isa bakin rafi bayan hantsi ya rubuta lafiya lau bai yi ƙarya ba, amma bai riski rafin a lokacin da ciwonsa ke tashi ba.

Sana'a ce da ba ta da layi a kasuwa, ba ta da sarki kamar ƙira ko pawa. Yawancin masu yinta sun karanta kimiyyar ɗakin gwaji a kwalejin fasaha, ko ilimin sinadarai da na halittu a jami'a, wasu kuma sun bi ta Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, wadda aka kafa a 1979. Za ka same su a hukumomin ruwa na jihohi, da ma'aikatun muhalli, da hukumomin raya koguna irin ta Haɗeja da Jama'are, da ɗakunan gwaji na 'yan kasuwa. Kayan da suke sarrafawa kwalbar ruwa ce da dunƙulen laka da 'yan ƙwarin da ba wanda ya damu da su. Hajar da suke sayarwa kuwa takarda ce mai ɗauke da lambobi da sa hannu.

Kafin a taɓa ruwa, ana neman mutane. Rafi a ƙasar Hausa bai taɓa zama na banza ba: akwai mai unguwa ko dagaci, akwai sarkin ruwa in wurin su ne, akwai masu lambu da kowanne ya san iyakar bakin ruwansa. Baƙon da ya sauka da rambut da safar hannu ya kama cika kwalabe ba sallama, zaton farko da za a yi masa shi ne gwamnati ta aiko shi ta hana ban ruwa. Gogagge a aikin yakan fara da "Baba, sannu da aiki, yaya lambu?", ya tsuguna ya faɗi abin da ya kawo shi, sannan ya yi tambaya. A wane wata ruwan ke yankewa? Yaushe yake canza launi? Wane kifi ake kamawa a da wanda yanzu ba a gani? Tsohon da ya shekara 40 yana ban ruwa a wuri ɗaya zai gaya maka ranar mako da ma sa'ar da ruwan ke zuwa da kumfa, abin da ba na'urar da za ta faɗa.

Daga nan sai tafiya a ƙafa, ana bin gaɓa. Yana duba ko akwai inuwar kanya da ɓaure da ɗinya a bakin ruwa ko an sare, ko gaɓar ta zaizaye, ko 'yan tifa sun kwashe yashi sun bar ramuka, ko kainuwa da kachala sun rufe fuskar ruwan. Yana lissafa kowace kwata da kowane bututun da ke zuba ciki, da wurin wanki, da mashayar shanu. Hanci ma kayan aiki ne, warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce cewa lakar ƙasa ta rasa iska. Wannan zagayen ne ke nuna masa inda zai ɗebi ruwa, kuma ƙa'idar ba ta da wuya: wuri ɗaya a sama da abin da ake zargi, ɗaya daidai inda ya shigo, ɗaya ko biyu a gangare don a ga ko rafin ya farfaɗo.

Jakara a Kano ta ishe mu misali. Ta ratsa tsohon birni ta gefen kasuwar Kurmi, ta kwashi ruwan kwatamin gidaje, ta wuce mayankar Fagge da Sabon Gari, can gaba rafin Getsi ya same ta ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare zuwa dam ɗin Wasai a ƙasar Minjibir. Kwalba ɗaya ba za ta ba da labarin wannan ruwa ba, domin kowane zango da irin nasa datti. Haka Salanta take, mai kai ruwan Sharaɗa cikin kogin Challawa, haka Kubanni a Zariya kafin ta faɗa Galma. Akwai kuma abin da duk mai wannan aiki a Arewa yake riƙewa a ransa: ƙoramun daji da yawa suna ƙafewa da rani, amma rafin cikin birni yana gudu har watan Afrilu. Ba marmaro ne ke ciyar da shi ba, ruwan da gari ya yi amfani da shi ya zubar ne. Shi ya sa awon rani da na damina sukan bambanta kamar ba na rafi ɗaya ba.

A cikin jakarsa akwai 'yan mitoci. Ɗaya na auna zafin ruwa. Ɗaya na auna tsami da kanwa, wato pH, wanda ma'aunin ruwan sha na Najeriya na 2007 ya ce ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Ɗaya na auna yawan gishirin da ya narke a ruwa, ɗaya kuma na duhunsa. Mitar tsami ba a yarda da ita sai an fara tsoma ta a ruwan gwaji da aka riga aka san lambarsa, 4 da 7 da 10, an daidaita ta. Wanda ya tsallake wannan, duk abin da ya rubuta a ranar ya tashi a banza, kuma ba mai ganewa sai shi.

Ɗibar ruwan ma da ladabinta. Daga gangare ake farawa a hauro sama, don kada lakar da ƙafarka ta tayar ta shiga kwalbar gaba. Ana fuskantar inda ruwa ke fitowa, a ɗauraye kwalba sau uku da ruwan rafin, a nutsar da ita ƙasa da fuskar ruwa a tsakiyar gudu, ba a gefe inda ruwa ya kwanta ba. Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta ita ba a ɗaurayewa, tun daga ɗakin gwaji aka dafa ta, kuma yatsa bai isa ya taɓa bakinta ba. Ta gwajin ƙarafa ana ɗiga mata asid don kada ƙarfen ya manne a jikin roba. Kowacce a rubuta mata wuri da rana da sa'a, a jera su a kula a kan ƙanƙara. Daga wannan lokaci aiki ya zama tsere, don ƙwayoyin cuta ba sa jira, ana son su isa ɗakin gwaji cikin kamar sa'o'i 6.

Iskar oksijin akwai mitarta, amma tana da tsada da saurin lalacewa, shi ya sa har yau ake amfani da hanyar da wani ɗan ƙasar Hangari mai suna Winkler ya fito da ita a 1888. Ana cika 'yar kwalbar gilashi fal, ba ko ɗigon kumfa, a zuba sinadarai biyu a girgiza. In ruwan na da iska sai wani gari-gari mai launin ƙasa ya taso ya kwanta. In babu, sai ya fito fari fat. Tun a bakin rafi mai aikin ya san inda aka dosa, sauran lissafi ne. Ruwa mai zafin digiri 25 ba ya riƙe fiye da miligiram 8 da ɗan ɗoriya a kowace lita, kuma yana ƙara zafi yana ƙara sakinta. In ta sauka ƙasa da 2, yawancin kifi sai gudu ko mutuwa. Tarwaɗa da gaiwa ne ke saura, su da ke iya tasowa su shaƙi iskar sarari, don haka ganin tarwaɗa a ruwa ba shaidar lafiyarsa ba ce.

Yawan ruwan da ke gudu ana iya auna shi da lemo ɗaya da igiyar awo da agogon waya. A ce faɗin rafi mita 2 ne, zurfinsa santimita 20, lemon ya ci mita 10 cikin daƙiƙa 40. A rage kashi ɗaya cikin biyar saboda ruwan ƙasa bai kai na sama sauri ba, sai a sami lita 80 a kowace daƙiƙa. Amfanin wannan lamba shi ne dattin da lita 80 za ta shanye, lita 8 ba za ta iya ba.

Sai dai duk wannan awo labarin sa'a ɗaya ne. Masana'antar da ke sakin ruwanta da tsakar dare, kafin gari ya waye ya wuce, kwalbar safe ba za ta kama shi ba. Kwalba baƙuwa ce da ta kwana ɗaya a gari. In kana son sanin halin gari, ɗan gari ake tambaya. 'Yan garin rafi su ne ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsu, masu yin makonni ko watanni a wuri ɗaya ba su da inda za su. Duk abin da ya bi ta kansu, ko dai sun jure ko sun mutu. A nan ne sana'ar take da daɗi, a nan ne kuma ake gane wanda ya iya.

Ragar da mai aikin ke kama ƙwarin da ita murabba'i ce, santimita 30 kowane gefe, idonta milimita 1, da dogon mariƙi. Yakan kafa ta a ƙasan ruwa bakinta na kallon gudu, ya tsaya a gabanta yana tuttura duwatsu da ƙafa na minti 2, ruwa na kwaso abin da ya saki yana zubawa ciki. Manyan duwatsu da hannu ake ɗagawa a goge. Sai ya shari ciyawar gefe, ya motsa yashi da laka, kowanne daban, ya juye a farin tire mai ɗan ruwa. Da farko ba abin da ido ke gani sai ganye da tsakuwa. In aka ba shi minti ɗaya ya lafa, sai tiren ya fara motsi.

Akwai wani ɗan ƙwaro mai wutsiya uku, shimfiɗaɗɗe, da ke manne wa dutse, yana kaɗa wasu 'yan fukafukai a gefen cikinsa, da su yake numfashi. Akwai mai wutsiya biyu da ƙafafu masu ƙarfi, wanda ba ya zama sai a ruwa mai gudu da wadatar iska. Akwai wata tsutsa da ke gina wa kanta ɗaki da ƙwayoyin yashi ko guntayen kara, ta liƙa su da zaren bakinta, tana yawo da ɗakin duk inda za ta. Waɗannan ukun su ne abin nema. In sun fito iri-iri, an sami rafi mai rai. Bayansu akwai masu dama-dama: 'ya'yan mazari, da ƙwarin da ke tsere a fuskar ruwa, da jatan lande a inda ake samunsa. Sannan akwai waɗanda datti bai dame su ba: matsattsaku, da 'ya'yan sauro, da jar tsutsar laka wadda jininta ke riƙe iska komai ƙarancinta, da wata farar tsutsa mai doguwar wutsiya da take miƙawa sama ta shaƙi iska, ita kam ko a ruwan masai tana rayuwa. Tiren da ya yi jajur da tsutsa dubu iri ɗaya ya fi tayar da hankali a kan wanda ke da ƙwari 50 iri 15. Ba yawa ake nema ba, iri ake nema.

Waɗanda ido bai tantance ba ana tsince su da hantsaki a jefa a kwalbar sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a kai su ƙarƙashin madubin ƙara girma. Takardar da za a saka ciki da fensir ake rubuta ta, don sifirit yana wanke tawadar biro. Sauran a mayar da su ruwa.

Kowane dangin ƙwari yana da maki. Ingila ce ta fito da irin wannan lissafi a shekarun 1970, daga 1 zuwa 10. Afirka ta Kudu ta gyara shi ya dace da kogunanta ta kira shi SASS, daga 1 zuwa 15, kuma bugu na biyar da ya fito a 2002 shi ne ya fi yaɗuwa a nahiyar. A can mai wutsiya biyu yana da 12, shimfiɗaɗɗen mai wutsiya uku 13, ƙaguwa da matsattsaku 3, jar tsutsa 2, 'ya'yan sauro 1. A tara makin, a raba da yawan dangin da aka samu. Yammacin Afirka ma ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Daga 1974 zuwa 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ta fesa magani a kogunan ƙasashe 11, ciki har da Nijar da Ghana, don kashe tsutsar baƙin ƙudan da ke jawo makanta, kuma tsawon shekarun akwai masu bin kogunan da raga suna ƙirga kifi da ƙwari don a tabbatar maganin bai yi ɓarna ba.

A ganina babban kuskuren da ake tafkawa a wannan fanni shi ne ɗaukar makin wata ƙasa a ɗora wa ƙoramar Katsina ko Jigawa ba tunani. Ƙoramar da gadonta yashi ne zalla, take gudu wata huɗu ta ƙafe, ba za ta taɓa tara ƙwarin dutse ba ko da ba wanda ya taɓa zuba mata ko kofin ruwan wanki. Makinta zai fito ƙasa, a rubuta ta gurɓace, alhali haka Allah ya yi ta. Rafukan da ke gangarowa daga tsaunukan Jos da Kagoro su ne ke da duwatsu da gudun da lissafin ke so. Mai hankali yakan nemi wata ƙorama makamanciya a yankin, wadda mutane ba su dame ta ba, ya gwada da ita. Wannan ƙarin tafiya ce da ƙarin mai, kuma ba kasafai mai ba da aiki ke son biya ba.

A ɗakin gwaji, ruwan ƙwayoyin cuta ake fara taɓawa. Ana tace mililita 100 ta wata 'yar takarda mai matsattsun ido, a ɗora ta a kan abincin ƙwayoyi, a sa a na'urar ɗumi mai digiri 44 kwana ɗaya, washegari a ƙirga ɗigo-ɗigon da suka tsiro. Kowane ɗigo shaida ne cewa bayan gida, na mutum ko na dabba, ya shiga ruwan. Ruwan sha ba a yarda a sami ko ɗaya ba. Ruwan ban kayan lambun da ake ci ɗanye, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ta ce kada ya wuce 1,000. Ruwan rafin birni sai an sirka shi sau da yawa kafin ma a iya ƙirgawa.

Gwajin da ya fi cin rai shi ne na sanin nauyin dattin da ke ruɓewa. A auna iskar kwalba yau, a rufe 'yar'uwarta a duhu kwana 5 a digiri 20 daidai, a sake aunawa. Abin da ya ragu shi ƙwayoyi suka cinye. Rafi mai tsabta bai cika wuce miligiram 2 ko 3 ba, ɗanyen ruwan kwata kuwa yakan kai ɗaruruwa. A ƙasar Turai digiri 20 ɗumi ne, a Kano da bazara sanyaya ake yi kafin a kai shi, wato firji ne zai yi kwana 5 bai tsaya ba. Aka ɗauke wuta dare ɗaya janareta bai tashi ba, aikin ya lalace, kuma ruwan ranar ba ya dawowa.

Ƙarafa masu guba su ne ƙarshe kuma su ne masu tsada. Majema na gargajiya da bagaruwa suke jima tun kaka da kakanni, amma majemun zamani na Challawa da Sharaɗa da Bompai da gishirin kuromiyam suke aiki, kuma iyakarsa a ruwan sha miligiram 0.05 ce a lita. Ta dalma 0.01 ce. A irin wannan ƙanƙanta ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin dutsen zinare ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ya koya wa masu aikin cewa kada su tsaya a ruwa kaɗai, su ɗebo har laka, don a can ƙarfe ke kwanciya ya daɗe. Na'urar da ke auna ƙarafan tana ƙona ɗigon ruwan a harshen wuta, kowane ƙarfe da tasa fitila. Kuɗinta dubban daloli ne masu yawa, ba kowane ɗakin gwaji ke da ita ba, wanda ke da ita ma wata rana gas ne babu. Sau da yawa sai an aika kwalabe wani gari.

Jarin shiga sana'ar hawa-hawa ne. Raga ba sai an sayo daga waje ba: mai walda ya lanƙwasa rodi, tela ya ɗinka yadin, kafinta ya sa mariƙi. Tire da kula da rambut duk akwai a kasuwa. Ƙaramar mitar tsami ba ta fi kuɗin waya mai araha ba, sai dai ba ta daɗewa. Babbar mai auna abubuwa da yawa a tsoma ɗaya ta kai dubban daloli. Abin da ke cin kuɗi kullum shi ne sinadarai da takardar tacewa da ruwan daidaita mita, dukansu daga waje suke zuwa, kuma suna da ranar lalacewa ko an yi amfani da su ko ba a yi ba. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. A 29 ga Mayu 2023 kuma aka cire tallafin fetur. Kuɗin mota zuwa bakin rafi, da na ɗan acaɓa inda mota ba ta shiga, da man janareta, da ƙanƙara, duk suka tashi tare, amma mai kawo gwaji yana nan da tsohon farashi a kansa.

Ciniki da ɗai-ɗai ake yi: kowane abu da za a auna da kuɗinsa, kowane ƙarfe da nasa, a ninka da yawan kwalabe. Gaskiyar magana, ba rafi ne ke ciyar da mai wannan sana'a ba. Abincinsa na kullum yana wajen masu fiya wata da ke neman rajistar NAFDAC, da masu haƙa burtsatse, da masu kiwon kifi, da otal da makarantun kwana. Waɗannan ruwansu na da mai shi. Aikin rafi yakan zo ne ta hanyar doka ko ta hanyar makaranta. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta wa mai gina dam ko babbar masana'anta ya kawo rahoto, galibi na rani da na damina, kuma hukumar NESREA da aka kafa a 2007 tana neman masana'antu su riƙa kawo awon ruwan da suke zubarwa. Manyan shirye-shirye irin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, su ma sukan buɗe ƙofa. Amma kwangilar babban kamfani ke karɓa. Wanda ya shiga ruwa har gwiwa kuɗin yini yake samu, wani lokaci sai bayan watanni. Na gwamnati kuwa albashinsa ne, da alawus ɗin fita in an ga dama.

Sauran masu kawo ruwan rafi ɗalibai ne, da kuɗin aljihun iyayensu. Yawancin abin da aka sani game da Jakara da Challawa da Kubanni daga kundayen digiri ya fito, kowa ya yi wata shida ko shekara ya tafi. Abin da aka rasa shi ne mai komawa wuri ɗaya duk wata, shekara da shekaru, don da haka ne kaɗai ake sanin ko rafi gyaruwa yake ko lalacewa.

Wahalar jiki ba ta da iyaka. A rafin birni akwai fasassun kwalabe da allurai a cikin laka, da warin da ke bin mutum har gida. A na ƙauye akwai maciji a ciyawar gefe, akwai kuma dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, wadda ke shiga ta fata, rambut ya huje ba ka sani ba sai an ga jini a fitsari. Da damina ƙorama kan kawo ruwa ba tare da an yi ko yayyafi a inda kake ba, saman tudu aka yi shi. Wanda ya ji ruwa ya fara sanyi yana kawo kara da kumfa, fita yake yi ba ya tsayawa tattara kaya. Ga kuma rashin tsaro. Rafukan da suka fi tsabta, waɗanda ake bukata don gwadawa, suna cikin dazuzzuka irin na Birnin Gwari da Zamfara, inda yanzu ba mai shiga da jakar kwalabe.

Akwai wata wahalar da ba a gani. Mai ba da aiki yakan so lamba ta fito yadda zai ji daɗi, wani ma ya fito fili ya ce ba sai an je ba, a rubuta kawai a raba kuɗin mota. Rahoton kan tebur ba shi da wuyar haɗawa, kuma da wuya a kama shi, tunda ruwan da aka ce an auna ya riga ya wuce. Masu bincike kan gane shi ne in lambobi sun saɓa wa juna, misali iska a cike alhali datti ya kai ɗaruruwa, ko awon rani da na damina su fito iri ɗaya. Masu riƙon amana suna da nasu kariya: littafin fita da ake rubutawa a bakin ruwa, hoto mai ɗauke da rana da wuri, da kwalbar tsabtataccen ruwa da ake tafiya da ita a dawo da ita a gwada tare da sauran, don a tabbatar ba a hanya datti ya shiga ba. Irin waɗannan sukan rasa wasu kwastomomi, amma su ake nema idan magana ta kai kotu.

In an koma ɗibar zagaye na biyu, mai lambu ba ya mantuwa, zai tare ka da "Malam, yaya ruwan namu?" Amsar ba ta da sauƙi. Mutumin da ke noman latas da kabeji da karas a bakin Jakara ba shi ya ɓata ruwan ba, ba shi da wani, kuma ya san yana ɗauke da taki. Ce masa ya daina daidai yake da ce masa ya bar cin abinci. Abin da mai aikin zai iya ba shi shawara ce da ke cikin ikonsa: ya haƙa rami a gefe ruwan ya kwana ya lafa kafin ya ja, ya kora ta kwari maimakon watsawa a kan ganye, ya tsayar da ban ruwa 'yan kwanaki kafin ɗiba don rana ta kashe ƙwayoyi, kada kuma ya wanke kayan da ruwan rafin kafin ya kai kasuwa. Waɗannan suna rage ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki ƙwarai. Kuromiyam da dalma kuwa rana ba ta kashe su, wanki ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga ganye. Maganinsu yana can bakin bututun masana'anta, kuma wannan shafin rahoton ofishin hukuma ake kai shi.